Ƙofa Ba Ganuwa: Marusa da Filayen da Birnin Katsina Ya Cinye

Duk wanda ya tsayar da mai Keke Napep a bakin Babbar Kasuwar Katsina ya ce a kai shi Ƙofar Marusa, tambayar da za ta biyo baya ita ce, wane layi? Ba wanda zai ɗauka cewa ƙofar kanta ake nufi, wato mashigar nan da ake rufewa da ƙyaure idan rana ta faɗi. Sunan ya daɗe da sauka daga jikin ganuwa ya bazu a kan unguwa guda mai gidaje da makarantu da masallatai da shaguna, har yaron da aka haifa a cikinta yana iya girma ya yi aure bai taɓa tambayar wane ne Marusa ba, balle abin da ya haɗa shi da ƙofa. Ba a ga laifin yaron ba. Abin da zai sa shi yin tambayar, wato katangar da ƙofar ta huda, ya kusa ƙarewa tun kafin a yanke masa cibiya.

Ƙofofi bakwai ne aka fi sani a jikin ganuwar Katsina. Idan aka faro daga Ƙofar Sauri aka zagayo ta gabas, sai a iske Ƙofar Durɓi, sannan Marusa, sannan Ƙaura a kan hanyar Kano, sai Ƙwaya, sai 'Yanɗaka, a rufe da Guga da ke fuskantar Jibiya. Ƙofar Soro ba ta cikin wannan lissafi, domin ita ta fada ce. Abin lura shi ne huɗu daga cikin bakwai ɗin sunayen sarauta suke ɗauke da su: Durɓi, Marusa, Ƙaura da 'Yanɗaka. Sarautu ne da suka girmi jihadi. Lokacin da birnin ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sababbin masu mulki sun sauya mutanen da ke riƙe da rawunan amma sun bar sunayen yadda suka same su. Su kuma Haɓen da suka yi arewa suka kafa Maraɗi, sai suka tafi da nasu Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka da Galadima. Shi ya sa har yau ake da Ƙaura biyu, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar, kowanne yana amsa sunan Katsina.

Kowace irin wannan ƙofa tana da baki biyu. Bakinta na ciki yana kallon fada, na waje yana kallon ƙauyuka. A yau Marusan Katsina shi ne hakimin Dutsi, Durɓi yana Mani, Ƙaura yana Rimi, 'Yanɗaka yana Dutsinma. Wanda ya san wannan, idan ya karanta sunayen ƙofofin tamkar ya buɗe taswirar masarauta ne, domin sunan da ke jikin katangar birni shi ne wanda ke kan rawanin mai riƙe da gunduma a can karkara. Ta waɗannan mashigai hatsi da itace da dabbobi suke shigowa, ta nan haraji yake bi, ta nan kuma mahaya suke fita idan an buga tamburan yaƙi. Gabashin birnin, inda Durɓi da Marusa suke maƙwabtaka, shi ne ɓangaren da ya fi tsufa a labarin Katsina. A ƙasar Mani ne Durɓi-ta-Kusheyi take, inda tuddan kaburburan sarakunan farko suke. Baturen mulki H. R. Palmer ya tona wasu daga cikinsu a 1907, aka sake tono a 1992, aka sami kayan zinariya da na hauren giwa da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen gabas. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su. Sun nuna cewa tun kafin a gama kewaye birnin na yanzu da ganuwa, akwai masu mulki a wannan yanki da hannunsu ya kai ga fataucin Sahara.

Ita ganuwar, masana suna danganta babban aikinta da zamanin Sarki Ali Murabus, wajen ƙarni na 16. Bayanin da ya fi amfani game da girmanta ya fito ne daga Heinrich Barth, matafiyin Jamus da ya sauka Katsina a 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1853. Ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14. Ya kuma lura da abin da ya fi wannan muhimmanci ga tarihin Ƙofar Marusa: mutanen birnin, waɗanda a ganinsa ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba a lokacin, sun tattare ne a kusurwar arewa maso yamma, alhali fili ne da zai iya ɗaukar mutum dubu ɗari. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun kori fatake zuwa Kano, unguwanni da dama suka zama kufai. Ke nan wanda ya shigo ta Marusa a tsakiyar ƙarni na 19, gonaki da fako da kududdufai zai fara ratsawa, ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya ji ƙarar taɓarya.

Wannan fili na cikin ganuwa ba asara ba ne a idon waɗanda suka tsara birnin. Dabara ce ta yaƙi. Idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, mutanen ƙauyukan kusa sukan kwaso iyali da dabbobi su shigo, a rufe ƙofa, a yi noma a ciki har a ga abin da hali zai yi. Katsina kuwa ta sha buƙatar hakan, domin hare-haren Maraɗi ba su yanke ba tun daga zamanin Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin. Saboda haka talakan ƙauye yana da rabo a ganuwar birni, kuma yana biyan kuɗin wannan rabo da guminsa. A al'adar biranen Hausa, idan damina ta wuce akan raba katangar kashi-kashi, kowace unguwa da kowane gari da nasu yanki, a fito gayya da kiɗa, a kwaɓa ƙasa, a ɗora tubali, a yaɓe inda ruwa ya zaizaye, a yashe gwalalon da ke bayanta. Ginin ƙasa ba ya son a yi masa fashin shekara. Wanda ya taɓa zama a soron ƙasa ya san cewa damina uku ba yaɓe sun isa su mayar da katanga tudu.

A 1903 Lugard ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an yi harbi ba, Sarki Abubakar ya karɓe shi. Daga wannan rana ganuwa ta rasa aikinta. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Katsina da Maraɗi, harin dawaki ya ƙare, ba wanda ya sake kwana da tsoron a kore masa shanu zuwa arewa. Sai kuma sauyi na biyu, wanda bai yi ƙara kamar na farko ba amma ya fi shi nisan tasiri. Turawa sun tarar da manyan masu sarauta da yawa suna zaune a birni, garuruwan da suke riƙe da su a warwatse, jakadu ne ke kai-komo tsakani. Sai suka harhaɗa garuruwan suka mayar da su gundumomi, suka ce kowane hakimi ya koma ya zauna a cikin tasa. Haraji ya koma na kuɗi yana shiga baitulmalin En'e, aikin gayya kuma ya karkata ga hanyoyin mota da gine-ginen hukuma. Rawani ya tafi ƙauye, ƙofa ta zauna da suna. Katangar da dā kowa ke da yankinsa a jikinta ta wayi gari ba ta da mai ita, kuma a garin da kowa ke gini da ƙasa, tulin jar ƙasa mai tsawon mil goma sha wani abu da ba shi da mai shi, ba sai an faɗi makomarsa ba.

A nan ne labarin ganuwa ya haɗu da na wasanni, domin su ma a kan fili suke rayuwa, kuma abin da ya sami ɗaya shi ya sami ɗayan.

Katsina na cikin garuruwa ƙalilan da labarin kafuwar sarautarsu ya rataya a kan wasa. Labarin baka ya ce Korau, mutumin 'Yandoto, ɗan kokawa ne, kuma a fagen kokawa ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, bayan an raba shi da layar da yake taƙama da ita. Ya kashe shi ya hau gadon. Masana suna da ja a kan yadda za a fassara wannan labari, wasu suna ganin hoto ne na sauyin mulki daga tsofaffin masu tsafi zuwa sarauta mai jingina da Musulunci da fatauci, wadda a zamaninta aka sami Hasumiyar Gobarau. Amma ko yaya aka fassara shi, fadar Katsina har gobe Gidan Korau ce, takobin nan Gajere yana cikin kayan sarauta, sarki kuma Magajin Korau ne. Garin da ya yarda cewa a fage aka ci sarautarsa bai kamata a ce yana raina fage ba.

Kokawa da dambe da langa ba su taɓa neman gini ba. Abin da suke bukata shi ne kaka ta yi, a girbe gero, a kwashe kara, gona ta zama fili. Dambe sana'ar mahauta ce tun asali, su ne ke yawo gari-gari bayan girbi da makaɗansu, a naɗe hannu da zare, a buga kalangu, jama'a su yi da'ira. Kokawa ta manoma ce, ƙauye ya gayyaci ƙauye, samari su gwada ƙashi a gaban 'yan mata da dattawa. Fagen na wanda ya noma gonar ne, amma daga kaka zuwa saukar ruwa na kowa ne, ba a rubuce ba, ba a kuma taɓa jin bukatar rubutawa ba. Gefen birni irin na Marusa, mai gonaki ciki da waje, ya dace da wannan tsari sarai. Rauninsa ɗaya ne, kuma ba a gan shi ba sai daga baya: ranar da mai gona ya sayar, fage ya tafi, ba wanda zai iya zuwa gaban alƙali ya ce an ci masa haƙƙi.

Wasannin da suka zo da zamanin Turawa ta wata hanya dabam suka shigo, ta sama. Muhammadu Dikko, wanda shi kansa Durɓi ne kafin a naɗa shi sarki a 1906, ya tafi aikin Hajji a 1921 ya biya ta Ingila, ya zama sarki na farko a Arewa da ya sauke farali yana kan gado. Ya dawo da sha'awar ƙwallon dawaki, wato folo, wadda hafsoshin Turawa suka fara bugawa a Legas tun 1904. Ga mutumin da ya tashi a kan sirdi, kuma yake mulkin jama'ar da aka raba da yaƙi amma ba a raba ta da doki ba, wannan wasa ya zo a kan gaɓa. Ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya, aka share fili, ba a jima ba Katsinawa suka fara cin Turawan da suka koya musu. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi a 1944 ya yi mulki har 1981, ya kai mataki na 7 a ma'aunin ƙwarewar da ƙololuwarsa 10 ce, abin da har yau ake ambato idan ana zancen folo a Nijeriya. Jikansa Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966, shi ma a kan doki aka fi saninsa idan ya tuɓe kaki, haka ma Sarki Muhammadu Kabir Usman.

Yana da kyau a tsaya a kan girman abin da folo ke ci. Cikakken filinta yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa biyar idan aka jera su. Ga dawaki, kowane ɗan wasa da nasa fiye da ɗaya, ga masu kula da su, ga harawa da dawa. Babu unguwar da za ta iya ɗaukar wannan nauyi. Fada ce ta ɗauka, shi ya sa wasan ya shekara ɗari a Katsina bai yanke ba, ana gasa duk shekara, baƙi na zuwa daga Kaduna da Kano da Legas. Duk da haka, akwai unguwa a Katsina yau da ake kira Filin Folo, kuma gidaje ne a cikinta. Ko wasan sarakuna bai hana gari matsowa ba. Bambancin kawai shi ne mai sarki a bayansa idan gari ya matso shi yana da inda zai koma.

Hanya ta biyu ita ce makaranta. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, a gine-ginen ƙasa da ke kusa da Ƙofar Sauri. Turawan da suka koyar a cikinta sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila inda ake ɗaukar wasa a matsayin rabin tarbiyya, sai suka kawo kurket da wasan fayis. Fayis wasa ne na mutum biyu-biyu a ɗaki mai bango uku, ana dukan ƙwallo da tafin hannu tana dawowa daga bango. Asalinsa makarantar Eton ce, kuma ko a Ingila 'yan ƙalilan ne suka san shi, amma a Arewa ya sami ƙasa mai albarka, saboda bangon ƙasa da ƙwallon tanis sun wadatar. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya riƙe wasan har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma yaɗa shi a duk inda ya sa ƙafa. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga nan Zariya, inda ta zama Barewa. Tsohon gininta shi ne gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Katsina yanzu, yana tsaye da azararsa saboda hukuma ta sa masa hannu. Fayis ma yana nan, dattawan 'yan boko da matasan da suka gada suna bugawa da yamma.

Ƙwallon ƙafa ita ce ta zo daga baya ta shafe kowa. Ita ma a matakinta na sama gwamnati ce uwa da uba. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ta kuma rasa duka ukun, a hannun Shooting Stars, da Julius Berger, da BCC Lions. Magoya bayan da suka ga wannan zamani har yau ba su gama haɗiye shi ba. Bayan shekaru na faɗi-tashi ƙungiyar ta dawo babbar gasar ƙasa a ƙarshen kakar 2016. Filin wasa na Karkanda, wanda aka fara tun zamanin soja aka yi watsi da shi shekara da shekaru, an kammala shi zamanin Gwamna Ibrahim Shema, yana ɗaukar 'yan kallo 35,000, kuma sunan da aka raɗa masa daga baya shi ne na Muhammadu Dikko, sarkin da ya kawo folo.

To amma 'yan wasan da ke cika irin wannan fili ba a cikinsa ake haifarsu ba. Daga ƙungiyoyin unguwa suke fitowa, waɗanda kowane Bakatsine ya san irinsu: matasa ashirin ko talatin, koci ɗaya da ba a biyansa, riguna da wani ɗan kasuwa ko ɗan takara ya saya, karo-karon kuɗin ƙwallo da na ruwan leda. Su ne magadan fagen kokawa na gaskiya, domin a nan ne unguwa take gwada ƙarfinta da unguwa, a nan yaro yake fara jin cewa shi ɗan wuri kaza ne. Sun kuma gaji raunin fagen gaba ɗaya. Kusan babu wadda take da filin kanta. Suna wasa ne a harabar makarantar firamare idan hedimasta ya yarda, ko a fulotin da mai shi bai tashi gini ba, ko a gefen maƙabarta, ko a shafaffen wurin da ganuwa ta taɓa tsayawa.

Ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka dawo daga Kaduna da iyalansu, aka shiga neman ofisoshi da gidaje, farashin fili ya tashi. Cikin shekaru talatin da 'yan kai birnin ya cike gonakin da Barth ya gani, ya tsallake gwalalo, ya doshi ƙauyukan da dā sai an yi shiri ake zuwa. Kwaɗo da Modoji da Kambarawa da Shinkafi da Ɗandagoro da Barhim, waɗanda kowannensu ke da mai gari da tarihinsa, yau a bakin mutane da yawa sunayen unguwanni ne ko na rukunin gidaje. Rashin tsaro a yammacin jihar ya ƙaro wasu dubban da suka baro garuruwansu suka shigo birni neman mafaka, kamar dai yadda kakanninsu suke yi zamanin Ɗan Baskore, sai dai yanzu babu gonar cikin ganuwa da za a sauke su.

Ba daidai ba ne a ɗora wa talakan da ya ɗebi ƙasar ganuwa ya yi ɗaki laifin duka. Mutum da iyali yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma ba shi ya yanka fulotai a kan gwalalo ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ke nan duk fili da aka keɓe ko aka ƙi keɓewa don wasa, shawara ce da wani ofishi ya yanke. Gwamnatoci sun nuna suna ƙaunar ƙofofin. An sake gina su da siminti, an faɗaɗa su don motoci, a Ƙofar Ƙaura har da gadar ƙarƙashin ƙasa zamanin Gwamna Aminu Masari. Ƙofa tana da daɗin gyara, tana kan titi, ana ganinta, ana iya ɗaukar hoto a gabanta ranar buɗewa. Katangar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da filin da yara ke wasa a gindinta, ba su da wannan farin jini. Sakamakon cike gwalalo da kududdufai kuwa mazauna unguwannin suna ganinsa duk watan Agusta, lokacin da ruwa ya rasa hanyar da ya saba bi.

Akwai wuraren da suka fuskanci irin wannan matsala suka ɓullo mata ta wata hanya, kuma ba sai an je nesa ba. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da kokawa gasar ƙasa a 1975, aka fara a Tawa, ana ba zakara takobi, manyan garuruwan jihohi kuma kowanne ya sami ginannen fagen kokawa. Maraɗi, 'yar'uwar Katsina ta jini, tana da nata. Wasan da labarin baka ya ce da shi Korau ya ci sarauta ya fi samun gata a wajen waɗanda aka kora daga birnin fiye da cikin birnin kansa.

Misali na biyu daga karkarar Ailan yake, tsibirin da ke yamma da Ingila, ƙasar manoma da makiyaya wadda ita ma ta sha mulkin Ingilishi. A can ne aka kafa ƙungiyar GAA ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, don raya wasannin gargajiyarsu. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ƙa'idar da ta ɗaure kulob da mahaifa: mutum yana buga wa yankin cocin da ya fito, ba a sayensa, ba a biyansa albashi. Kulob-kulob masu ɗimbin yawa ne a tsibirin, kuma mafi yawansu sun yi karo-karo sun sayi filinsu, an rubuta shi da sunan amintattu ta yadda ba mai iya sayarwa shi kaɗai. Ƙauyen da makarantarsa ta rufe, gidan wayarsa ya rufe, sau da yawa filin nan ne yake riƙe da sunansa. Tsakanin 1937 da 1939 kuma hukumar adana al'adun ƙasar ta sa 'yan firamare kimanin 50,000 suka zauna da kakanninsu suka rubuta sunayen rijiyoyi da gonaki da kufai da labaran da ke kansu, aka tara shafi wajen 740,000 da har yau ake karantawa. Talakawa ne suka yi duka biyun, a lokacin da ƙasar take fama da talauci da ƙaura.

Katsina ba ta rasa masu rubuta tarihinta ba. Littafin Dokta Yusufu Bala Usman a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, an gina shi ne a kan yawo gari-gari da zama da dattawa, kuma jihar tana da hukumar tarihi da al'adu. Sai dai irin wannan aiki ya fi kama sarakuna da malamai da yaƙe-yaƙe, waliyyai irin Ɗan Marina da Ɗan Masani da Ɗan Takum, waɗanda kaburburansu ke da masu ziyara. Ƙananan abubuwa su ne ke zubewa: sunan kududdufin da aka cike, wurin da mahauta suke kafa dambe, gonar wa aka yanka aka yi layin da ake kira kaza, wace ƙungiya ce ta fara cin kofin unguwanni kuma a wane fili. Waɗanda suka san amsoshin suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidajensu a Marusa da Durɓi, shekarunsu sun haura saba'in.

Sau biyu a shekara tsohuwar alaƙar ƙofa da ƙauye takan farfaɗo. Idan Sallah ta zo, a shekarun da tsaro ya bari aka yi hawa, hakimai sukan shigo birni da mahayansu, kowa da kiɗansa da tutarsa, su bi jeri su kai gaisuwa a Ƙofar Soro. A cikinsu akwai tawagar Marusa daga Dutsi. Yaran unguwar da ke amsa sunansa suna cikin masu tsayawa a bakin titi suna kallon dawakin, ana sanar da sunan hakimin a lasifika yana wucewa.

Washegarin hawa gari yakan koma yadda yake. Bayan la'asar, a layukan Ƙofar Marusa, yara sukan ajiye duwatsu biyu nan, biyu can, a kan titi, su raba kansu gida biyu. Idan mota ta taho wani ya yi kira, a ɗauke ƙwallo, a koma gefe har ta wuce, sannan a mayar da dutsen da taya ta ture a ci gaba daga inda aka tsaya.